Zaɓen Unguwa a Zariya: Daga Cikin Ganuwa Zuwa Dutsen Abba

1. Gabatarwa

Duk malamin da aka yi wa canjin wurin aiki zuwa Zariya, ko ɗan kasuwar da ya yi niyyar kafa iyalinsa a can, abin da ya kan fara tambaya shi ne, wace unguwa za a zauna? Masu ba da shawara kuwa ba su ƙarewa. Wani ya ce Tudun Wada, domin tana tsakiya, ga kasuwa ga makarantu. Wani ya ce Samaru, kusa da Jami'a. Wani kuma ya ce a haƙura a fita bayan gari, wajen Dutsen Abba, inda fili ke da araha. Mai tambayar da masu amsawa duka sun ɗauka abin a hannun mutum ya ke, in yana da kuɗi sai ya zauna inda ransa ke so.

To, amma tarihin garin ya nuna wannan 'yanci sabon abu ne. Shekaru aru-aru unguwa ce ke zaɓen mutum, da fari ta hanyar asalinsa da sana'arsa, daga baya ta hanyar dokar Turawa da irin aikin da ya ke yi. A kowane zamani kuwa, wanda ya ba mutum wurin zama shi ne ke tsaya masa. Nufin wannan takarda shi ne a bi diddigin yadda zaɓi ya komo hannun mai neman gida, a kuma duba abin da ya samu da abin da ya rasa cikin wannan canji.

2. Zaman cikin ganuwa

Bisa ga labarin da aka gada, kafin a kafa birnin Zariya na yanzu sarautar Zazzau ta zauna a Turunku da gindin dutsen Kufena, sunan garin kuma na Zariya ne, 'yar Bakwa Turunku, ƙanwar Amina. Ganuwar da ta kewaye birnin ta kusa mil 10, tana da ƙofofi irin su Ƙofar Doka, da Ƙofar Kuyambana, da Ƙofar Gayan, da Ƙofar Kona, da Ƙofar Bai, da Ƙofar Galadima. Ba gidaje kaɗai ke ciki ba, akwai gonaki da fadamu da kududdufai, har da dutsen Madarkaci. Dalili kuwa shi ne, in yaƙi ya zo aka rufe ƙofofi, tilas a sami inda mutanen ƙauyuka za su fake da dabbobinsu, a kuma sami abin da za a ci.

Cikin birni kowace unguwa da abin da aka san ta da shi. Kona da Juma na malamai ne da almajiransu. Akwai unguwannin marina, da na maɗinka riguna, da na dukawa, da na mahauta. Unguwar Babban Gwani ta ci sunan sarautar Muhammadu Durugu, maginin da ya gina Masallacin Juma'a a zamanin Sarki Abdulkarimu. Bayan da Malam Musa ya ci birnin a ƙarshen 1808, bisa ga lissafin da masana suka fi amincewa da shi, Sarki Makau ya yi kudu wajen Zuba, ƙanensa Abu Ja ya kafa Abuja cikin 1828. Sarauta ta koma tana zagayawa tsakanin gidaje huɗu, watau Mallawa, da Barebari, da Katsinawa, da Sulluɓawa, kowane gida kuma da wajen da 'ya'yansa da barorinsa suka fi taruwa.

A irin wannan tsari yaro ba ya zaɓen unguwa. In ya isa aure sai a yanka masa sashe cikin gidan ubansa, ya ci gaba da sana'ar gidan. Baƙo kuma ba ya shigowa ya kafa bukka inda ya ga dama. Ya kan sauka wajen fatoma ko wani maigida, maigidan ya sanar da mai unguwa, in baƙon ya yi nufin zama a nema masa fili ta hannun masu sarauta. In ya ci bashi ya gudu, ko ya yi ɓarna, maigidan da ya saukar da shi za a fara tambaya. In kuwa shi aka zalunta, maigidan nan ne zai kai kukansa gaba. Wannan shi ne ginshiƙin zaman birni, kowa yana da wanda ya san shi, mai amsawa dominsa.

Zaman bayan ganuwa yana da nasa riba da nasa hatsari. Ƙasar noma a yalwace ta ke, shi ya sa masu sarauta da attajirai suka kafa rinji-rinji inda bayinsu ke noma. Amma mahara ba su bar mutanen ƙauye sun yi barci da ido biyu ba. Labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta cikin 1949 da 1950, ya nuna yadda a ƙarshen ƙarni na 19 a kan sace mata da yara a gona da ƙauye, dangi su yi ta fafutukar tara kuɗin fansa. Ashe tun wancan zamani awon bai wuce abu biyu ba, yalwar fili a waje, kwanciyar rai a ciki.

3. Zuwan Turawa da rabon gari

Sojan Ingila sun sauka Zariya cikin 1902, aka tuɓe Sarki Kwasau aka kai shi Lakwaja, aka naɗa Aliyu ɗan Sidi cikin 1903. Amma abin da ya sāke fasalin garin sosai shi ne jirgin ƙasa. Hanyar Baro zuwa Kano ta ratso ta Zariya cikin 1911, aka kafa tasha a arewacin birni, hayin kogin Kubanni. Ba a daɗe ba aka ja ƙaramar hanya zuwa wajen haƙar kuza na Jos, wadda ta yi aiki har 1957, sa'an nan aka ja wata zuwa Gusau da Ƙauran Namoda, aka gama cikin 1929. Zariya ta zama mahaɗa. Kamfanonin Turawa suka buɗe kantuna, aka kafa injin gurzar auduga, aka kuma kafa barikin horon sababbin sojoji cikin 1924.

Duk waɗannan suna bukatar akawuna da direbobi da makanikai da leburori, yawancinsu kuwa ba Zage-zagi ba ne. Gwamnati ba ta so su shiga birni, domin mulkinta ya dogara ga sarki da alkalansa, tana gudun kada baƙin da ba su saba da shari'ar birni ba su dagula al'amari. Saboda haka aka raba mazauni kashi-kashi. Turawa suka keɓe wa kansu unguwa, dokarsu kuwa ita ce a bar fili na yadi 440 babu gini tsakaninsu da 'yan ƙasa, wai don gudun sauro da gobara. Aka yanka Sabon Gari kusa da tasha domin mutanen Kudu da na sauran ƙasashen bakin teku, da tituna miƙaƙƙu da fuloti masu lamba, Dokar Garuruwa ta 1917 kuma ta ƙarfafa wannan rabo. A can an yarda da coci da gidan giya, abin da ba a yarda da shi a birni ba.

Ko masu wa'azin Kirista ba su tsira daga wannan tsari ba. Likita Miller ya zauna cikin birni tun 1905, ya buɗe makaranta da ɗakin magani, amma daga bisani aka ga zamansu a ciki bai dace da siyasar Gwamnati ba, mishan ta ƙaura zuwa Wusasa wajen 1929. Nan Hausawa Kirista suka sami unguwa tasu da coci da asibiti, nan kuma Yakubu Gowon ya tashi.

Sai dai a lura, tsarin takarda dabam, abin da ya faru a ƙasa dabam. Sabon Garin Zariya bai taɓa zama na mutanen Kudu zalla ba, Hausawa da Nufawa da sauran 'yan Arewa da yawa sun zauna can saboda ciniki da aikin tasha. Hajiya Gambo Sawaba, wadda aka haifa cikin 1933, ubanta mutumin Gana ne, uwarta Banufiya, kuma a Sabon Gari ta yi gwagwarmayarta ta jam'iyyar NEPU.

4. Tudun Wada

Akwai wasu mutane da rabon nan bai san inda zai sa su ba, watau Musulmin Arewa waɗanda ba haifaffun birni ba ne. Bakano ko Bakatsine ko Babarbare da ya zo aikin lebura ko ciniki ko malanta, ba shi da gidan uba cikin ganuwa, kuma hukuma ba ta so ya fita daga hannun sarki ya shige Sabon Gari. Domin irinsu aka yanka Tudun Wada cikin shekarun da suka biyo bayan isowar jirgi, a tudun da ke tsakanin Ƙofar Doka da Kubanni. Titunanta a miƙe su ke kamar na Sabon Gari, amma mulkinta na En'e ne, shari'arta ta alkali. An yi unguwanni masu wannan suna a Kano da Kaduna da Jos da Gusau, bisa kusan manufa ɗaya.

Zamanta a tsakiya shi ya ba ta daraja. Babban asibitin gari a da a nan ya ke. Kusa da ita, wajen Tukur-Tukur, aka ajiye ofishin fassara da talifi wanda Dokta East ya shugabanta, inda aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo cikin Janairu 1939, aka kuma kafa Kamfanin Gaskiya cikin 1945. Kwalejin da aka fara a Katsina, ta koma Kaduna cikin 1938, ta iso Zariya cikin 1949, ita ce Barewa ta yau. A Kongo aka buɗe makarantar horon akawuna, wadda ta zama Makarantar Koyon Mulki cikin 1954. Malaman waɗannan wurare da maɗaba'a da ma'aikatan asibiti da yawa a Tudun Wada suka sami masauki. Alhaji Abubakar Imam, mutumin Kagara wanda ya zo daga Katsina ya zama editan Gaskiya, ya zauna Zariya har rasuwarsa cikin 1981, akwai kuma titi mai sunansa a unguwar.

A Tudun Wada ne Bahaushen Zariya ya fara sabawa da zaman haya, watau mutum ya zauna ɗaki ɗaya ko biyu cikin gidan wanda ba danginsa ba, ya biya kuɗi wata-wata, ya haɗa rijiya da makewayi da mutanen da bai taɓa sani ba. Ga mai kulle wannan abu ne mai wuya, shi ya sa duk wanda ya sami hali ya kan yi ƙoƙarin sayen fuloti ya gina gida mai zaure irin na birni. Duk da haka tsohon ginshiƙi bai faɗi ba. Mai gidan haya ya maye gurbin fatoma, mai unguwa yana da sunan kowane magidanci saboda haraji, wurin aiki kuma yana tsaya wa ma'aikacinsa.

5. Unguwannin ma'aikata

Mataki na gaba shi ne inda wurin aiki da kansa ya zama unguwa. Gonar gwaji ta Samaru, wadda aka fara cikin shekarun 1920 a kan hanyar Sakkwato, ta jawo ƙauyen leburori a gefenta. Da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello ranar 4 ga Oktoba 1962, ƙauyen nan ya bunƙasa ya zama gari. Cikin shekarar kuma aka buɗe Babbar Kwalejin Horon Malamai, makarantar koyon tuƙin jirgin sama ta biyo baya a Palladan cikin 1964. Kowace ma'aikata ta gina gidajen manya da na ƙanana, matsayin mutum a wurin aiki shi ke faɗin yawan ɗakunansa da ko wane ne maƙwabcinsa. Wanda bai sami gidan ma'aikata ba sai ya nemi haya a ƙauyen da ya fi kusa. Haka Samaru da Zango da Palladan da Hanwa da Gyallesu suka cika.

Irin wannan zama yana da daɗi muddin aikin na nan. Ran da mutum ya yi ritaya sai ya miƙa mabuɗi, ya tarar ba shi da unguwa. Unguwar da ta dogara ga ma'aikata ɗaya kuma, arzikinta a hannun ma'aikatar ya ke. Masu gidajen haya na Samaru sun san yadda gari ke mutuwa in Jami'a ta shiga yajin aiki, Tudun Wada kuma ta ga raguwar masu zuwa jiyya da masu sayar musu da abinci sa'ad da aka mai da mafi yawan sassan Asibitin Koyarwa zuwa Shika cikin 2005.

6. Yadda zaɓi ya komo hannun mutum

Bayan mulkin kai na 1960 dokokin rabon unguwa suka mutu, sa'an nan abubuwa uku suka sassauta igiyar da ta ɗaure mutum da mai tsaya masa. Na farko, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa karɓe mulki daga hannun En'e, wadda tun bayan juyin mulkin 1966 aka raba ta da 'yan doka da kotuna da gidajen yari. Na biyu, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa filin cikin gari a hannun gwamna, na karkara a hannun ƙaramar hukuma. Na uku, Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a Jihar Kaduna cikin 1979. Talakawa sun yi murna, da gaskiyarsu kuwa, amma tun daga ran nan babu abin da ke tilasta wa mai unguwa ya ƙidaya magidantansa kowace shekara.

Babur da ƙananan motocin haya suka rage nisa, mutum na iya kwana a Ɗan Magaji ya yi aiki a Samaru. Jama'a kuma ta yi yawa, ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Zariya kaɗai sama da mutum 400,000, ban da ta Sabon Gari. Gidajen gado na birni suka cika, magada suka yi yawa, 'ya'yan birni da kansu suka fara fita bayan ganuwa neman fili.

Wani abin baƙin ciki kuma ya shigo cikin lissafi. Tarzomar 1966 ta kori mutanen Gabas da yawa daga Sabon Gari. Rikicin da ya taso daga Kafanchan cikin Maris 1987, da na Zangon Kataf cikin 1992, da na bayan zaɓen 2011, duk sun taɓa Zariya. Bayan kowanne a kan sami iyalan da suka kwashe kayansu suka koma inda masu addininsu suka fi yawa. Rabon da Turawa suka yi da doka, ga shi tsoro yana neman maimaita shi ba da doka ba.

7. Dutsen Abba da awon zaman yau da kullum

Dutsen Abba ɗaya ce daga cikin mazaɓu 13 na ƙaramar hukumar Zariya, tare da irin su Tudun Wada da Gyallesu da Kwarbai da Kaura da Wuciciri. Ƙauyuka ne da gonaki da rugagen Fulani a bayan ganuwa, irin ƙasar da a da a ke kira kewayen birni, wadda ke ciyar da shi da hatsi da itace da nono. Da ita da sauran mazaɓun karkara, su ne inda garin ke miƙa ƙafa, su ne kuma inda sabon zaɓin nan ya fi fitowa fili.

Mai tunanin komawa can ya kan auna abubuwa kamar biyar. Fili yana da araha in an gwada da Tudun Wada, ana iya samun wurin kiwo da ɗan lambu, babu kuma mai buga ƙofa a ƙarshen wata. Amma ruwa fa? Zariya ta daɗe tana fama da ƙarancinsa, duk da madatsar kogin Galma da sabuwar matatar da aka buɗe cikin 2017, unguwannin da bututu bai kai ba sun dogara ga rijiya da burtsatse da 'yan ga-ruwa. Sai kuɗin mota, domin abin da aka tsira da shi na haya yana iya ƙarewa a kan hanya in ma'aikaci da 'yan makaranta huɗu za su shiga gari kullum. Sai nisan asibiti ga mai naƙuda da tsakar dare. Sai ingancin takardar fili, domin gonar gado da wani magaji ya sayar ba da yardar 'yan'uwansa ba, ta kan kai mai saye kotu bayan ya gama gini.

Bisa dukan waɗannan akwai tsaro. Cikin Yuni 2021 'yan bindiga suka shiga makarantar kimiyya da fasaha ta Nuhu Bamalli da ke gefen gari a kan hanyar Kaduna, suka sace malamai da ɗalibai, ƙauyukan kewayen birni kuma sun sha irin wannan hari cikin shekarun nan, ana kama mutane ana neman fansa. Mai karatu zai ga awon da kakannin Baba ta Karo suka yi ya komo, sai dai yanzu ganuwa ta zube, babu ƙofar da za a rufe.

Akwai kuma ɓangaren manomin da ya sayar. Gonar da aka yanka fuloti ba ta komawa gona. Kuɗin ya kan tafi ga aure ko babur ko aikin Hajji, 'ya'yansa su tashi ba gona, ba kuma ilimin da zai ba su aikin gari. Tsakanin baƙon da ya gina gida mai doguwar katanga da ɗan ƙauyen da ya zama mai gadinsa, ba lalle ne a sami zumuncin da ke sa maƙwabci ya fito in ya ji ihu ba.

8. Kammalawa

Abin da tarihin nan ya nuna shi ne, a Zariya darajar unguwa ta kasance ga mutanen da suka san mutum, su ke kuma amsawa dominsa. Fatoma ya yi wannan aiki a birni, mai gidan haya da mai unguwa suka yi shi a Tudun Wada, ma'aikata ta yi shi a Samaru. Mai sayen fili a Dutsen Abba ya sami 'yancin da kakansa bai samu ba, amma dillalin da ya sayar masa ba zai tsaya masa ba. Tilas shi da kansa ya nemi abin da a da a ke ba mutum tare da wurin zama, ya kai gaisuwa wajen dagaci da mai unguwa kafin ya sa harsashi, ya halarci suna da jana'iza, ya sa hannu cikin aikin gayya na hanya da rijiya da sintiri. Magabata da suka ce a nemi maƙwabci kafin gida, wannan su ke nufi.

Ga malaman kwalejojin horo kuma akwai aiki a nan wanda ba ya jiran kuɗi mai yawa. Tarihin sarakunan Zazzau a rubuce ya ke, tun daga aikin M. G. Smith na 1960 har zuwa na masanan Jami'ar Ahmadu Bello, amma tarihin ƙananan unguwanni da ƙauyukan kewaye yawancinsa yana bakin tsofaffi. Ya kamata a riƙa tura ɗalibai lokacin gwajin koyarwa su tambayo wanda ya fara sarar wuri, da inda ya fito, da wanda ya ba shi izini, da shekarar da aka fara yanka gonaki, su rubuta da Hausa a ajiye a laburare. Dattawan da suka ga Tudun Wada a zamanin En'e suna ƙarewa, gonakin Dutsen Abba kuma ana yanka su kowace rani.